Kwanar Moree

Tun da suka wuce Winneba tafin hannun Ekow yake zufa a kan sitiyari, alhali sanyin motar har cizo yake.

Adoley ce ta tsara tafiyar: daga Akara zuwa Axim, su bi gaɓar teku gari-gari, su sha iska kafin hidimar bikinsu ta danne su. Ita ce kuma ta zaɓi Talata. Duk ɗan gaɓa ya san ba a shiga teku ranar Talata. Maza na bakin ruwa suna ɗinkin taru, mata na gindin murhu, kowa idonsa a kan hanya. Rana ce da ba ta da maɓoya.

Shi kuwa Ekow yana da abin ɓoyewa. Ranar da ya fara zuwa gidan su Adoley ya tarar uban tsohon alƙali ne, uwar likita, sai bakinsa ya riga hankalinsa: wai mahaifiyarsa shugabar makaranta ce a Takoradi, kuma ta rasu. Kai jama'a! Mahaifiyar tasa, Maame Araba, tana nan da ranta a Moree tana bandar kifi, da hayaƙin nan ta kai shi jami'a. Ya binne ta da baki saboda kujerun falon wasu. Yanzu ga shi a kan hanyar da ta ratsa ta kwanar garinsu.

A Apam suka tsaya. Adoley ta yi ta ɗaukar hoton kwale-kwale, suka ci dokunu, tuwon masarar mutanen gaɓa, da kifi a wata rumfa.

"Bai kama ƙafar wanda nake dafa maka ba," in ji ta.

Bai musa ba. Kifin da take sa masa a miya ƙamshin ɓawon rake yake yi, har akwai ranar da ya ci ya yi ƙwalla, ya ɗora wa barkono laifi. Bai taɓa tambayar inda take saye ba. Zancen kifi ba zancen da yake so ya yi tsawo ba ne.

A Saltpond ta shiga kantin magani ta fito da maganin ɗiga wa ido. A Anomabo ta ciro zane daga jaka ta ɗaura a kan wandonta. Shi duk bai kula ba, lissafinsa ɗaya ne: ya taka mota, ya wuce kwanar nan kamar bai taɓa ganinta ba.

"Yallaɓai, rage gudu, akwai rami a gaba," ta ce. Ramin kuwa yana nan. "Shiga hagu. Kifi zan saya."

"Na Cape Coast ya fi kyau."

"Kai da ka tashi a gidan 'yan boko, me ka sani game da kifi? Shiga mana."

Ya shiga. Ya zura baƙin tabarau, ya jawo hula har gira. Motar ta gangara ta gaban makarantar da ya yi, ta gaban masu ɗinkin taru, rabinsu tare suka koyi iyo. Yara suka biyo su suna ɗaga hannu. Kunya ta kama shi, irin wadda take sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa nauyi.

"Nan ya yi," in ji Adoley.

Daidai ƙofar gidan su Ekow. Ya taka birki.

"Ba ka fitowa?"

"Kaina ke ciwo."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Ta cikin baƙin gilashi ya hango mahaifiyarsa. Ta rame. Tana tsugune gaban murhu tana tura ɓawon rake a wuta, tana share idanun da hayaƙi ya cinye da bakin zane. Motar ma ba ta gane ta ba. Ya nutse cikin kujera kamar ɓarawon da ya ji motsin masu gida, yana roƙon Allah a yi cinikin a gama, kada baƙuwar ta tsaya hira, kada tsohuwar ta soma ba da labarin ɗanta na Akara. In ta ambaci sunansa, auren ya tafi, mutuncinsa ya bi baya.

Adoley ta durƙusa har ƙasa. "Maame, sannu da aiki." Ta kama hannun tsohuwar ta danƙa mata maganin idon.

Maame Araba ta shafa fuskarta da tafin hannu, ta washe baki.

"'Yata, wannan watan kin zo da wuri! Ɗan nawa fa, ya cinye kifin watan jiya?"