Randar Bakin Kasuwa

Tun ranar da gwamnati ta ƙwace gonar maƙwabcinsa Tanimu ya kamata Malam Ilu ya wanke yatsansa, amma ya yi ta ɗagawa, har Tanimu ya koma dako a kasuwa.

A sabuwar doka, tawadar zaɓe ba ta barin yatsan wanda ya zaɓi gwamna sai ya tsoma shi a randar da aka girke a bakin kasuwa, ya janye ƙuri'arsa. Idan masu janyewa suka yi rinjaye, gwamna ya sauka.

Yau zama ya gagare shi. Ya wuce randar, ya dawo, ya sake wucewa.

"Baba, ko wani abu ka yar a nan?" in ji matar da ke gadinta.

"'Yata ma'aikaciya ce a asibitin gwamnati. Can yanzu hannu ake dubawa kafin fuska, har hannun iyaye."

"Gaskiya ne. Ba zan ce maka babu komai ba."

Ya daɗe a tsaye, mutane suna kallonsa. Sannan ya naɗe hannun riga ya tsoma. Ruwan ya fi yadda ya zata sanyi.

"Bari in je in gaya mata da bakina," ya ce, "kafin ta ji a wajen aiki."