Hular Nassirou a Kasuwar Lazaret

Wata guda ke nan Balkissa tana ganin saurayinta Nassirou yana ƙus-ƙus da ƙawarta Salima. Yau ta tsare shi a kasuwar Lazaret.

"Nassirou, dube ni. Mene ne tsakaninku?"

Sai ya cire hularsa. Ashe alama ce. Nan take kiɗa ya tashi, mai tumatir da tela da 'yan taksi suka jeru suna rawa taki ɗaya, Salima a gaba.

"Balki, wannan muke ta shiryawa. In turo magabatana gidanku?"

Ta daɗe tana duban masu rawar, sannan ta dube shi.

"Mutum talatin ka iya ɓoye mini wata guda. Mace ɗaya za ta yi maka wuya?"