Cikin Auta

Goggo ta ɗora tafin hannunta a kan cikin Auta, ta ji shi tauri kamar ganga. Yau ce ranar da jami'ar walwalar yara za ta zo, ga cikin ya ƙi sauka.

"Ki sha, 'yar nan," ta ce, tana miƙa mata kofin ruwan ɗumi.

Auta ta kai wa kofin duka. Ruwa ya watsu a bango. Ta koma ta kwanta a ƙasan falo tana buga ƙeya da tayil, tana gurnani. Motar makaranta ta zo ta wuce tun da sassafe, ko ɗaga kai Auta ba ta yi ba.

Auta ɗiyar ƙanen Goggo ce. Uwarta ta sha giya tun cikin yana wata ɗaya har ranar haihuwa, ta rasu kafin a yaye ta. Goggo ta ɗauko ta a zanen goyo. Likita ya yi mata bayani tun farko: giyar ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta gyaruwa. Sai daga baya Goggo ta gano ɗaya rabin da kanta. Auta ba ta san ta ce "cikina na ciwo" ba. Ciwon ba ya fitowa ta baki, sai ta hannu. Duk ranar da hanji ya ɗaure, ranar za a yi fashe-fashe. Da ta gaya wa likita, ya ce haka ne, da yawa masu irin lalurarta suna fama da ciki.

Don haka Goggo ta tsara gidan a kan cikin Auta. Gwanda da yogot da safe, ruwa a gora mai alama, hotuna a ƙofar firji masu nuna abin da za a yi bi da bi. In an bi tsarin, Auta tana dariya, tana share gida, tana waƙa.

Aikin ido ne ya ɓata komai. Goggo ta kwanta asibiti, ta bar gidan a hannun maƙwabciya, Maman 'Yan Biyu. Ta karanta mata magunguna ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mata makullin gas. Abinci kaɗai ta manta, domin a wurinta abu ne da kowa ya sani. Maman 'Yan Biyu kuwa mace ce mai tausayi. Ta cika Auta da farin burodi da biskit da lemon kwalba.

Kafin a sallamo Goggo, Auta ta fasa tagar falo da kujera. Masu haya na sama suka ji kukan yarinya, suka buga waya. Jami'ar ta zo ta ga gilashi a ƙasa, ta ce za ta dawo ta duba sau ɗaya. In gidan bai dace da zaman ƙaramar yarinya ba, za a ɗauke ta a kai ta gidan reno.

"Wallahi Goggo, alheri na yi nufi," in ji Maman 'Yan Biyu daga bakin ƙofa.

"Alherinki ne nan kwance yana buga kai. Ɗauko min man zaitun."

Goggo ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara. Ta shafa man tana murzawa daga dama zuwa hagu, yadda ma'aikaciyar jinya ta koya mata. Auta ta ture ta har sai da ta zauna daɓas. Goggo ta taso ta ci gaba. Ta ba ta maganin da likita ya rubuta. Ta kama ta suka zaga falo, suka sake zagawa, nauyin Auta duk a kafaɗarta. Azahar ta wuce. Cikin bai motsa ba.

Ta tura ƙananan takalman da ke bakin ƙofa gefe, ta manna kwali inda gilashi ya fita. Shekarunta sun ja, ido ɗaya a rufe da bandeji. Ta san in aka fita da yarinyar nan daga gidan, ba ta da ƙarfin da za ta bi ofis-ofis ta dawo da ita.

Ana ƙwanƙwasa ƙofa, Auta ta dafe ciki ta ruga banɗaki.

Jami'ar ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya. Ta kalli kwalin taga, ta kalli jiƙaƙƙen bango. Goggo ta yi ta bayanin hanji da gwanda, ita kanta tana jin maganar kamar tatsuniya.

"Goggo, na ji," jami'ar ta ce. "Amma ba ke na zo gani ba. Ki ɗan ba mu wuri."

Aka ja ruwa a banɗaki. Auta ta fito fuska a wanke, kafaɗu sun sauka, ta gaida baƙuwa da ladabi. Goggo ta shige kicin, ta bar ƙofa a ɗan buɗe, tana addu'a ba sauti.

Hon ɗin motar makaranta ya yi ƙara a waje. Wata 'yar shekara shida ta shigo da gudu, jaka na lilo a bayanta, ta faɗa jikin Auta. Auta ta durƙusa tana kwance mata igiyar takalmi a hankali.

"Mama, wace ce wannan?" yarinyar ta tambayi Auta.

Auta ta ɗaga kai ta dubi jami'ar ido cikin ido.

"Ita ce ta zo ganin ko na iya riƙe ki."