Sannunku da Zuwa

Mojisola ta gaji da jin tambaya ɗaya a bakin masu gidajen Samaru: "Ina maigidan?" Da ta ce ya rasu, sai fuska ta canza. Ko a ce ɗalibai sun riga ta, ko a yanka mata kuɗin da malamin jami'a ma sai ya yi gumi. Wai mace ita kaɗai, ba a san wanda zai riƙa shigowa ba. Mutane ke nan.

Ita kuwa tashi ya zame mata dole. Tun da ruwan kogin Kubanni ya tafi da mijinta Othniel da babur ɗinsa a damina, ɗakinsu ya ƙi bushewa. Ta goge ƙasa, ta juya, ta tarar da laima a gefen gado, daidai inda yake tsayawa ya ɗaura agogo. Mai gyaran kwano ya hau ya duba, ya ce rufi lafiya lau. Fasto ya yi addu'a, ya ce ta sake gida. Tana son Othniel har gobe, amma tsoro ya fi ƙarfinta. Ta rame, ɗinkin da take ci da shi ma ya gagare ta.

Wata mai kawo mata ɗinki ta yi mata kwatancen gidan wata tsohuwa, Mama Susanna, a bayan kasuwar Sabon Gari. Ta je da rana tsaka, ana zafin bazara.

"Sannunku da zuwa. Ku shigo," in ji tsohuwar.

Mojisola ta ji daɗi har cikin ranta. A gidansu na Yarabawa da "ku" ake girmama mutum, amma babba ake yi wa. Wannan tsohuwa dai kirkinta ya yi yawa.

Mama Susanna ta jawo kujeru biyu. Mojisola ta zauna a ɗaya, za ta ɗora jakarta a ɗayar, tsohuwar ta karɓe ta rataye a ƙusa. Ta kawo kunun zaƙi kofi biyu. Mojisola ta shanye nata, ɗayan yana nan ba a taɓa ba.

Ɗakin ciki da falo ne, ga taga babba, ga rijiya a tsakar gida, kuɗin kuma kamar kyauta. Ba a yi mata tambayar maigida ba. Mojisola ta durƙusa ta shafa simintin da tafin hannu, ta ji shi a bushe ƙayau. Rabonta da murmushi tun ranar jana'iza, sai yau. Ta tsira.

A bakin ƙofa tsohuwar ta miƙa mata makulli.

"Ni fa ba na ba mace ita kaɗai ɗaki, 'yata. Don na gan ku tare ne."

"Tare da wa, Mama?"

"Da mijinki mana. Na ba shi kujera ya ƙi zama. Ki ce masa ya riƙa sake kaya kafin ya shigo, tun ɗazu yake tsaye a bayanki, duk ya jiƙa mini daɓe."