Murmushin 'Yar Rawa

"A tsaya!" in ji darakta. "Baiwar Allah, mijinki aka ce ya rasu, ba mota aka saya miki ba. Kika sake murmushi, wata zan ɗauka."

Fim ɗinta na farko ke nan. Tun tana ƙarama a ƙungiyar rawa gwaggonta ta hore ta: ko ƙusa ta taka a dandali, fara'a kaɗai 'yan kallo za su gani.

Aka sake kunna kyamara. Ta tuna gwaggon, wadda ƙasa ta rufe wa ido. Hawaye suka zubo, amma leɓɓanta suka bi tsohon horo.

Ta sunkuyar da kai tana jiran kora.

"A bar shi haka," in ji darakta a hankali. "Da wannan fuskar mahaifiyata ta tarbi masu ta'aziyya."