Ranar da Masu Tsuntsu Suka Ci

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Mista Hensli ya fito daga ofis, ya liƙa takarda a jikin ƙofarsa, ya zagaye suna ɗaya da jan biro, ya koma ciki. Haka yake yi tun da watan Afrilu ya kama. Takardar ta sakamakon besbol ce, wasan ƙwallon sanda na ƙasarsu Amurka, da teburin da ke nuna na sama da na ƙasa.

A duk siton kamfanin, can Dubai Investments Park, babu wanda ya taɓa ganin wasan ko a talabijin. Amma Kamil, wanda ya shekara goma sha biyu yana ɗaure kwalaye a wurin, tuni ya naɗa kansa malamin fannin. Sunan ƙungiyar da ake zagayewa ya ƙi zama a bakin kowa, sai suka raɗa mata Masu Tsuntsu, saboda tambarinta.

"Chale, 'yan uwa, ƙungiyar Oga ce," in ji Kamil. "Ran da suka ci, ko motarsa ka roƙa zai ba ka. Ran da aka ci su, ko gaisuwa kar ka yi."

Ba mai ja da Kamil a zancen ƙwallo. Mutumin da duk Litinin, kafin ya tambayi yadda Kotoko, ƙungiyarsa ta ƙwallon ƙafa a Kumasi, ta yi, sai ya fara tambaya ko an lallasa abokiyar gabarta Hearts.

Ishawu, mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya fi kowa kasa kunne. Matarsa Hamidatu tana Kumasi da cikin wata tara, cikin fari bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Burinsa ɗaya ne: a ce shi ya yi wa jaririn kiran salla a kunne. Ga shi dokar kamfani ta hana hutu a Afrilu, lokacin da kwantenoni ke taruwa, sai wanda Mista Hensli ya sa wa hannu. Ishawu ya cike takardar hutu, ya linke ta a aljihu, ya zauna jiran Masu Tsuntsu su ci.

Suka ƙi ci. Aka ci su takwas da ɗaya. Washegari sha ɗaya da biyu. Wasan kuma ba irin namu ba ne na mako-mako, kusan kullum ake buga shi, don haka kullum da sabon baƙin ciki. Ta gilashin ofis suna hango Oga ya kifa kai a tebur kusa da tsohuwar hularsa mai harafi ɗaya, kafaɗunsa na rawa, yana share ido da bayan hannu. Tausayi ya kama Ishawu, ga kuma haushi.

Rana ta uku Oga ya sa aka kawo wa kowa biriyani. Kamil ya gyaɗa kai, bakinsa cike da shinkafa, ya ce ashe har Bature ya san sadaka maganin masifa.

Rana ta huɗu Zakiya mai dafa shayi ta yi kunnen uwar shegu da shawarar Kamil, ta shiga da tata takardar. Ko minti biyu ba ta yi ba ta fito da hawaye, ta suri jakarta ta tare tasi. Ba a sake ganin ta ba.

"Khalas, shi ke nan, an kore ta," in ji Kamil. "Na faɗa."

Ishawu ya ƙara tura tasa takardar can ƙasan aljihu.

Aka shiga kwana na shida, na bakwai. Masu Tsuntsu suka zauna daram a gindin tebur, Oga na ta zagaye su, jan biron har yana huda takarda. Hamidatu ta bugo ta ce cikin ya sauko. Ishawu, wanda bai san ko mutum nawa ke buga wasan ba, ya koma yi musu addu'a bayan kowace salla. Ran Juma'a ya raba dabino a ƙofar masallaci a unguwar Satwa, ya roƙi wani malami ya sa su a addu'a. Malamin ya tambaya ko musulmi ne. Ishawu ya ce bai sani ba, amma dai suna cikin wani hali.

Safiya ta goma ba a liƙa komai a ƙofa ba. Kamil ya lalubo sakamakon a waya, ya kurma ihu: bakwai da shida, Masu Tsuntsu sun ci!

"Murna ce ta mantar da shi takardar. Yalla, Ishawu, maza shiga!"

Ishawu ya goge takalmi da bayan wando, ya ƙwanƙwasa. Ya tarar da Oga zaune, ya sa hular nan har ido, kofinsa ya huce. Cikin Turancinsa na zango ya yi masa barka, ya ce Allah ya share masa hawaye. Don Oga ya san da masoyi yake magana, ya ba shi labarin addu'ar da ya sha yi musu, da dabinon, da malamin Satwa. Sannan ya miƙa takardar da hannu biyu.

Mista Hensli ya ɗauki jan biron, ya ja layi daga wannan kusurwar takardar zuwa waccan, ya turo masa ita.

"Da jiya ka zo, da wata guda zan ba ka har da tikiti, kamar Zakiya," in ji shi. "Tun ina ɗan shekara bakwai nake fatan tsinanniyar ƙungiyar nan ta rushe, yau kuma ka shigo kana gaya min kai ne ka tayar da ita?"