Mutumin da Aka Rufe a Jirgin Maud

Da jirgin ruwan ya sake tashi sama ya faɗo, Lionel ya haƙura da tsayuwa. Ya kwanta a ƙasa tsakanin gadajen biyu, ya tokare ƙafafunsa da bango, yana jiran dukan gaba. Ɗakin bai fi kabari faɗi ba, ga warin fetur, ga butar shayi tana yawo tana neman goshinsa.

Da ƙafarsa ya shigo. Da safe, Maud Hosking mai jirgin da ƙanenta Denzil suna shan shayi a bakin gadar da ake ɗaure jirage, ya lallaɓa ya sauko ba sallama. Kansa na ƙarƙashin gado yana leƙe-leƙe, wani ɗan kwamitin tsere ya jawo ƙofa daga waje, ya zura waya, ya danna mata hatimin dalma. Ihun da Lionel ya yi, injinan jiragen maƙwabta suka haɗiye shi.

A shekarun nan tseren teku sabon abu ne a wajenmu, kuma ba a yarda da jirgin da ba shi da ɗaki ba. Dole a ga gado da risho da ban-ɗaki, kamar mai fita shaƙatawa da iyali. To, kun san mutanenmu. Da an ɓace wa ido sai a yi ta watsa katifa da tukwane a ruwa don jirgi ya yi sauƙi. Shi ya sa Kwamanda Trewin, shugaban masu duba jirage, ya kafa doka: a rufe ɗaki da hatimi, duk wanda ya tsinke kafin a isa, ya fita daga tsere. Ba ciwo, ba uzuri.

Maud ta san dokar fiye da kowa. Bara ita ta fara isa, aka hana ta kofi saboda ta buɗe ɗaki ta ɗauko bandeji, lokacin da haɓar Denzil ta fashe a kan ƙarfe. Ta yi kuka a gaban jama'a, abin da ba ta yi ba ko a jana'izar mijinta.

Sai da suka bar ruwan Solent a baya Denzil ya gane bugun da yake ji ba na tukunya ba ne. Ya rarrafa ya kara ido a kafar iska.

"Yaya, mutum ne a ciki," ya faɗa mata a kunne. "Wallahi ɗan leƙen asirin wancan jan jirgin da ke bin mu ne. Ƙafarsa kawai nake gani, takalmin kuwa na masu hali."

Maud ta ba shi sitiyari, ta durƙusa ta leƙa da kanta. Ta daɗe tana kallo. Da ta buɗe baki, muryarta ta yi laushi irin wanda Denzil ke tsoro tun suna yara.

"Sannu da hutawa, ranka ya daɗe. Gadon ya yi maka daidai, ko a ƙara tsawo?"

Lionel ya kau da kai. Ruwa ya fara tsattsafowa ta tagar gaba, ya jiƙa masa baya. Haƙarƙarinsa na hagu ya riga ya tsage, duk numfashi sai ya ji kamar ana soka masa allura.

"Ga filaya a hannuna," in ji Maud. "Ka ce a tsinke, yanzu in tsinke. Amma da ƙarfi za ka faɗa, Denzil ya zama shaida."

Lionel ya juya wa kafar baya, Maud ta ajiye filaya ta koma kan sitiyari.

Gaban tsibirin Portland teku ba ta da mutunci ko a ranar da take cikin raha, ranar nan kuwa a fusace take. Jirgin ya riƙa hawa igiya yana faɗowa a kan cikinsa. Risho ya ɓalle daga mazauninsa. Lionel ya yi amai har ba abin da ya rage, ya kwanta a cikinsa, ya rungume ƙafar gado. Ya ji tsoro sosai, irin wanda bai ji ba tun lokacin yaƙi. Ya san in jirgin ya kife, waɗanda ke sama ruwa zai watsar da su a tsince su, shi kuwa da ɗakin za a nutse.

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da iska. Ya buɗe baki, ya kalli kafar da haske ke shigowa, ya sake rufewa.

Denzil ne ya kasa jurewa. "Yaya, mutumin nan fa mutuwa zai yi."

"Yana da baki," ta ce, idonta a kan ruwa. Amma ta ɗan sassauta mai, har jan jirgin ya kusa kamo su, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ta tura Denzil ya leƙa ko yana motsi.

Da la'asar suka shiga tashar yamma, ba kowa a gabansu. Jama'a na tafi, ana kaɗa huluna. Sakataren kulob ya sauko da sauri, ya duba waya, ya ga dalma lafiya lau. Denzil ya miƙa hannu zai buɗe, sakatare ya buge hannun.

"Kada wanda ya taɓa. Shugaba kaɗai ke tsinke hatimi, da hannunsa. Sai dai ku yi haƙuri, tun safe ake nemansa ba a san inda ya shiga ba."

Maud ta cire tabaran ruwa, ta share gishirin fuskarta, ta durƙusa a bakin kafar iska.

"Kwamanda Trewin," ta ce, "wai ka fito ka buɗe mana."